An sa sunan Mustafa Alasan a bango, saura a nuna mana finafinansa

A watan Oktoba na 2024 hukumomi a Yamai suka canza sunan cibiyar al'adun nan da aka sani da sunan Jean Rouch, ta koma cibiyar Mustafa Alasan. Mu mutanen Tawa mun ji daɗi ƙwarai, don mutumin nan a garinmu ya zauna shekara da shekaru yana zane yana haɗa finafinansa, har Allah ya karɓi abinsa a 2015. Amma tun lokacin akwai abin da ke cina a rai: yara nawa ne a Tawa suka taɓa ganin fim ɗinsa ko guda?

Ku je kowace fada da dare ku gani. Buta na kan gawayi, samari biyar shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, ko dai fassarar Indiya ce ko sabon shirin Kano. Wanda bai da kuɗin intanet ya tafi wajen masu turi a kasuwa ya miƙa kati da dala ashirin a cika mashi, kuma yaron da ke gaban kwamfutar ya san kowane jarumi na Bombai da na Kano da ka, har ya gaya maka kashi na nawa ya fito jiya. Ka tambaye shi fim ɗin Alasan ko na Umaru Ganda, zai ce maka wane ne kuma haka. Ba laifinsa ba ne wallahi, ba a taɓa nuna mashi ba.

Ni ba ni cikin masu zagin finafinan Kano. Harshenmu ne, iyayenmu mata suna kallon Arewa24 suna fahimtar kome ba sai an fassara masu ba, kuma mutanen nan sun yi aiki sun gina kasuwa da guminsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu da muka riga su farawa muka bar namu ya kwanta. A 1972 lokacin da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya dawo daga Makka ya nace sai ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Wace unguwa ce ba ta san irin wannan maganar ba har yau?

Shi kuwa Alasan, a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo gida daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa, kowa ya yar da sunan da ubansa ya raɗa mashi ya ɗauki na Bature, suka hau dawaki suka addabi ƙauyen da sata da faɗa har abin ya kai ga rai. Zalika Sule tana ciki, Jingare Maiga ma yana ciki. Don Allah a ce garin da kusan kowane gida akwai ɗan da ya tafi bida Abijan ko Libiya ya dawo da sabuwar tafiya da sabon baki, a ce wannan fim ɗin ba zai yi magana da mu ba? Shekara kusan sittin ke nan amma kamar jiya aka ɗauke shi. A shekarar dai ya zana ɗan gajeren fim na kwaɗi, shugaban kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ana ta fareti da jiniya, a lokacin da ba kowa ke da ƙarfin halin taɓa masu mulki ba ko da wasa. A 1972 kuma ya yi FVVA, wato mata, gida, mota, kuɗi, burin ɗan bariki ke nan gaba ɗaya, kuma ban ga abin da ya canza ba.

Na san abin da za a ce, wai tsofaffi ne, hoton ya dushe, tafiyarsu a hankali take, wasu da Zabarmanci wasu da Faransanci, yaran yanzu ba za su zauna ba. To ai Indiyanci ma ba mu ji, sai da wasu samari a Kano suka zauna suka ɗora masu murya da Hausa sannan har tsofaffi suka kama kallo. Me zai hana a yi wa namu haka? Muna da 'yan wasan kwaikwayo masu murya, waɗanda suka tashi suna kallon su Yazi Dogo a Tele Sahel, aikin bai fi ƙarfinsu ba. Kuma batun cewa ba mai so, a 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya ware kwanaki yana nuna finafinan Alasan, Amurkawa suka biya kuɗi suka shiga, mu nan inda ya rayu ko majigi ɗaya ba a kafa mana ba a filin unguwa.

Abin da nike roƙo ba shi da yawa. Tele Sahel ta ware dare ɗaya a mako na finafinan gida, su ma tashoshi masu zaman kansu irin su Dounia da Tenere su rage waƙoƙin cike lokaci su sa ko rabin awa. A zauna da iyalan waɗannan mutane a biya su haƙƙinsu, kar a ce don sun mutu an samu na banza. Kwafi da yawa suna ajiye a Faransa, ma'aikatar al'adu ta nemo su a rubuce, a juye su a raba wa lakwal-lakwal da gidajen matasa na jihohi takwas ɗin nan. In an ɗora masu Hausa kuma a kai wa masu turi na kasuwa kyauta, su ne ke da hanyar shiga wayar kowane yaro a Tawa.