Bugun Fita Daga Gida: Damar Da Kociyoyin AFL Ke Jin Tsoronta

Akwai wani lokaci a wasan ƙwallon ƙafar Ostireliya da yawancin 'yan kallo suke ɗauka a matsayin ɗan hutun numfashi, ni kuwa a nan nake gane ƙungiyar da ta zo neman nasara da wadda ta zo gudun abin kunya. Ina nufin bugun fita daga gida. Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ƙarshen fili yana da turaku huɗu. Ƙwallon da aka buga da ƙafa ta bi tsakanin biyun tsakiya maki shida ce, wadda kuwa ta kauce ta bi ta gefe, ko ta daki turken tsakiya, ko wani ya taɓa ta kafin ta shige, maki ɗaya ce tak. Da zarar an ba da wannan maki ɗaya sai ƙwallo ta koma hannun masu tsaron gida, ɗayansu ya fito da ita daga ɗan akwatin da ke gaban turaku, mai tsawon mita 9 da faɗin mita 6.4. Daga nan zuwa turakun abokan hamayya a filin MCG na birnin Melbourne tafiyar kusan mita 160 ce, ga kuma mutum 18 sun tare hanya.

Masu ƙididdigar gasar AFL, babbar gasar wannan wasa a Ostireliya, suna raba tushen maki gida uku: wanda ya samo asali daga jefa ƙwallo da alƙalin wasa ke yi, da wanda ya fito daga ƙwace ta a hannun abokin hamayya, da wanda ya faro daga bugun fita. Na ukun nan shi ne mafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke cewa ba abin ɓata lokaci ba ne. Ban yarda ba. Gaskiya ne cewa bugun fita ba shi da yawa a cikin wasa, amma dama ce da ƙungiya ke samun ƙwallo a hannu ba tare da kokawa ba, a wurin da ta sani tun kafin a zo fili, ta yadda za ta iya tsara wanda zai ruga ina da wanda zai janye mai tsaronsa. A ganina, tsoro ne ya ƙara ƙanƙantar da wannan adadi fiye da yadda ya kamata.

Ba za a ce doka ce ta ɗaure su ba. A 2006 aka daina jiran alƙalin turaku ya gama kaɗa tuta kafin a fito da ƙwallo. A 2019 aka soke sharaɗin da ya tilasta wa mai bugu ya fara ɗan buga wa kansa kafin ya ruga da ita, aka kuma mayar da mai tare masa gaba zuwa mita 10 daga bakin akwati maimakon 5, sannan a 2021 aka ƙara matsar da shi zuwa mita 15. Sau uku ke nan ana buɗe ƙofa. Duk da haka, abin da na fi gani shi ne ɗan gajeren bugu zuwa kusurwa, a tsaya, a duba, sannan a ɗaga doguwa a bi layin gefe inda dogaye suka taru, ƙwallo ta fita waje, kowa ya koma mazauninsa.

Wanda ke shakkar darajar wannan bugu ya tuna wasan ƙarshe na 2008. Geelong ta zo ne bayan ta sha kashi sau ɗaya kacal a duk kakar, amma Hawthorn ta koci Alastair Clarkson ta doke ta da maki 115 da 89. Cikin maki ɗai-ɗai 23 da Geelong ta samu a ranar, sau 11 'yan Hawthorn ne suka tura ƙwallon da kansu ta tsallake layi, domin sun gane cewa sayen ƙwallo a hannu da maki ɗaya ciniki ne mai riba. Abin ya kai ga hukumar gasar ta sanya hukunci a kan yin haka da gangan daga 2009.

Amma wasan da ba ya fita daga raina shi ne na Collingwood da Essendon a MCG cikin Yulin 2022. Essendon na gaba da maki ɗaya, lokaci ya kusan ƙarewa, Harrison Jones na Essendon ya samu bugun da zai rufe zance, sai ƙwallo ta daki turke. Tazara ta zama maki biyu. Scott Pendlebury na Collingwood bai tsaya jimami ko gyara safa ba, ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa Darcy Moore tun 'yan Essendon ba su gama juyowa ba. Moore ya aika wa Trent Bianco a gefen fili, Bianco ya ɗaga ta gaba, Jamie Elliott ya cafe ta a tsakanin masu tsaro biyu dab da layin gefe. Jiniyar tashi daga wasa ta yi ƙara ƙwallo na hannunsa, ya ja da baya, ya natsu, ya buga ta bi tsakiyar turaku, Collingwood ta ci da tazarar maki huɗu. Bugu uku suka ratsa filin gaba ɗaya, na huɗu ya kawo nasara. Abin da ke ci mini rai shi ne sai da wuƙa ta kai ƙashi sannan ake ganin irin wannan saurin, alhali hanyar tana nan tun daga zangon farko.

Na san hujjar kociyoyi, kuma ba ta banza ba ce: wanda ya yi kuskuren bugu a gaban gidansa ya miƙa wa abokin hamayya maki shida a faranti. Sai dai doguwar da ake bi da ita layin gefe ma tana da farashi, domin tana barin wasa a rabin filinka, masu tsaronka su ci gaba da shan matsi har ƙafa ta gaji, kuskuren da aka guda ya zo daga baya. Bambancin kawai shi ne wannan asarar ba ta da sunan mutum ɗaya da za a nuna a talabijin.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yadda ake ƙirga wa ɗan wasa bugun fita cikin alƙalumansa idan ya tako wajen akwati kafin ya buga. Mai tsaron baya sai ya yi taku biyu, ya ba na kusa da shi, a tashi wasa ana yabonsa da yawan taɓa ƙwallo. Ni da za a bi ta tawa, da an daina ƙirga masa wannan, a koma duba sau nawa ƙwallon da ya fitar ta kai cikin da'irar mita 50 da ke gaban turakun abokan hamayya, kuma cikin daƙiƙa nawa.