Ba Zan Sa Wa Yamahar Baba Injin Boxer Ba

Tun da na jawo tsohuwar Yamaha YB100 ta marigayi Baba daga lungun zaure, kowa ya zama injiniya. Baffana ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Abokaina kuma bakinsu ɗaya: a cire injin a ɗora na Boxer, shi ke nan. To ni ban yarda ba.

Injin nan shi ne babur ɗin. Siisi 97 ne kacal, giya huɗu, babu bawul-bawul irin na mashinan yanzu, duk zagaye ɗaya wuta ɗaya, shi ya sa yake da wannan ƙarar mai kaifi da muke ganewa tun daga bakin layi mu ruga mu buɗe ƙofa. Ka cire shi, abin da ya rage maka tanki ne da suna.

Amma ni ma ba na cikin masu cewa kada a taɓa komai. Ƙarfin wutarsa volt 6 ne, fitilar gaba kamar aci-balbal, kuma da daddare a titunan Kano na yau wannan kasada ce. Zan mayar da ita 12, in sa fitilar LED, in cire kontak, ɗan ƙarfen nan mai ba fulogi wuta, in sa CDI, na'urar lantarkin da ke wannan aikin a mashinan yanzu, don na gaji da tuna yadda Baba yake tsugunawa da sassafe yana goge shi da takardar yashi. Birkin gaba shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na ganga ne, ina son na faifai, amma sai an canza ƙafar gaba gaba ɗaya, kuma ina tsoron ya ɓata masa tsayuwa. Har yanzu muna ja da bakanikena a kai. Shi cewa yake, "Alhaji, sabon takalmin birki da waya mai kyau sun ishe ka, ai ba tsere za ka ba." Wataƙila da gaskiyarsa.

Inda ba zan saurari kowa ba shi ne famfon baƙin mai. Yamaha ta fito da wannan famfon, wanda ta kira Autolube, tun 1964 don a daina haɗa baƙin mai da fetur da hannu, amma zamanin acaɓa, lokacin da Jincheng ta cika gari, aka saba cire famfon ana tsiyaya baƙin mai a tanki da ka, wani lokacin ma wanda aka juye daga mota. Wani kaso na hayaƙin da ake zagin irin waɗannan injina da shi daga nan yake. Zan gyara famfon, in riƙa sa 2T na gaskiya, wato baƙin man da aka yi don irin wannan injin. Hayaƙi ba zai ƙare ba, kuma zai fi Boxer shan fetur, na sani. Ba da shi zan riƙa zuwa aiki ba.

Fenti kuwa ja zai koma, yadda yake. Akwai ɗan lotsawa a gefen tanki, daga ranar da yayana ya saci makulli ya gwada tuƙi. Mai fenti ya ce zai cike ta. Na ce ya bar ta.

Asabar zan shiga Ƙofar Ruwa neman fistin da zobba. Wanda ya san inda ake samun murfin gefe na asali, ya taɓa ni.