Ku ƙyale yaron nan ya ga gari

Wallahi abin da kuka yi wa yaron nan a ƙarƙashin hoton da ya sa a intanet daga Bruges, wani tsohon gari a Beljiyam, ƙasar da yake karatu, bai dace ba, kuma ba zan yi shiru ba. Hoto ɗaya tal a kan gada, da jakar goyo, da rigar sanyin da duk wanda ya san shi ya san ita kaɗai gare shi, sai ga manya da gemunsu suna tambayar wai karatu aka tura shi ko yawon duniya. Wani har da zama ya lissafa wa mahaifinsa kuɗin makaranta a naira. Haba jama'a!

Yaron nan bai yi almubazzaranci ba. Daga Ghent inda yake karatu zuwa Bruges tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa, kuma a Beljiyam duk wanda bai kai shekara 26 ba ana yi masa rangwamen tikiti. Daga tasha da ƙafa ya taka har Markt, babban dandalin da ke tsakiyar garin. Burodi da kifin gwangwani da gorar ruwa ya zuba a jaka tun daga ɗakinsa. Ya kwana a irin masaukin nan mai gadaje hawa biyu, shi da baƙin da bai taɓa gani ba, wayarsa a ƙarƙashin filo. Keken dokin da ke zagayawa da masu kuɗi bai hau ba, kwalekwale ma daga bakin ruwa ya tsaya yana kallo. Abin da ya ciro kuɗi ya biya shi ne hawa hasumiyar garin, mai tsawon mita 83 da matakala 366, ya je ya ga ƙararrawa 47 da ke can sama. Ina almubazzarancin yake a nan? Ku nuna min.

Masu cewa ai Bruges tarkon 'yan yawon buɗe ido ce, na ji, kuma haka ne. Shagon cakulan na bin shagon cakulan, in ka zauna a kujerun da ke fuskantar dandali ka sha shayi, kai da aljihunka sai Allah. To sai me? Tsadar tana kan wanda ya zauna ne. Bin lunguna kyauta ne, zama a bakin tafkin Minnewater kyauta ne, haka shiga harabar Begijnhof, mazaunin mata masu ibada da aka kafa tun 1245. Garin nan ya taɓa zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Turai, ana kawo gashin tumaki daga Ingila a saƙa, jiragen fataken Italiya na zuwa. Da yashi ya toshe mashigin Zwin da ke haɗa shi da teku, ciniki ya koma birnin Antwerp, gari ya talauce, ba kuɗin rushe tsofaffin gidaje a yi sababbi. Gidajen nan ne UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2000. Ɗalibin da ya taka ya ga wannan da idonsa, ku ce min bai ƙaru ba? Gani ai ya kori ji.

Kuma ku ji tsoron Allah, ba ku san zaman da yaran nan suke yi ba. A watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai wurin wanke-wanken da yake samun na abinci. Babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce ina kwana, babu majalisa, ranar Sallah ma kana iya kasancewa a ɗakin jarrabawa. Na ga waɗanda kaɗaicin nan ya karya, suka daina ɗaukar waya, suka daina zuwa aji. Yaro ya tara ɗan canjinsa ya fita ya sha iska ya dawo da ƙarfinsa, ku ne za ku sa shi kuka? Yanzu ya goge hoton, kuma na tabbata ba zai sake nuna mana komai ba. Masu cewa ya duba halin da ake ciki a gida, zamansa a ɗaki zai sauko da farashin shinkafa ne? Bai ci kuɗin kowa ba, bai roƙi kowa ba.

In ma faɗa kuke nema da masu zuwa Bruges, ga waɗanda suka cancanta. A 2025 sai da hukumar garin ta fito tana roƙon baƙi su daina ɓalle duwatsun da aka shimfiɗa a titi suna tafiya da su gida a matsayin tsaraba. Mutum ya biya kuɗin jirgi tun daga wata ƙasa, ya tsuguna ya haƙe dutsen titi ya cusa a jaka, ya bar ramin da tsohuwa 'yar garin za ta yi tuntuɓe a ciki ta karye. Waɗannan su ne ke ba ni haushi.