Tiyon da na gani a kwata

Samarin unguwa, ku matso mu yi magana, don yau raina a ɓace yake.

Da asubar nan muna dawowa daga masallaci muka tarar da maƙwabcina tsugune gaban a-daidaita-sahu ya zuba tagumi. Warin fetur ya cika ƙofar gida, murfin tanki a ɓalle, ga guntun tiyo an yar a kwata. Daren jiya ya sha man dubu goma don ya yi sammakon kwasar 'yan makaranta, an zuƙe shi tas. Kuma keken ba nasa ba ne, da yamma mai shi zai miƙo hannu a ba shi balas, babu ruwansa da zancen ɓarawo. Bawan Allah bai zagi kowa ba. "Allah Ya isa" kawai ya ce, ya kama turin keke zuwa gidan mai.

Na san abin da za ku ce: tsada. Ai tare muke cikinta. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake dubu a Abuja. Duk mun ji a jikinmu. To amma wanda ka zuƙe wa tanki, shi ya cire tallafin? Ka rasa inda za ka huce sai a kan direban tasi da ɗan acaɓa da malamin firamare mai tsohon babur? Haushin kaza ke nan, huce kan dami.

Haba ƙannena! Saurayi da ƙarfinsa ya raba dare yana laɓe bayan motar mutane, ya cusa tiyo a baki yana tsotsa, fetur ya kwararo masa har maƙogwaro, ya tofar, ya kara jarka. Duk a kan me? Gari na wayewa kuɗin sun tafi wajen caca a waya da kwalbar kodin. Wannan cacar ma wata annoba ce, sai mun ware mata rana.

Ku kuma 'yan bumburutu da yaro zai kawo muku galan kafin kiran assalatu, ku saya da araha ba tambaya, abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Da babu mai saye, wa zai sha wahalar tsotsa?

Ba ma kwa tsoron wuta? Mun manta Majiya ta Jigawa, inda tankar mai ta faɗi a Oktoban 2024, mutane suka yi dafifi suna kwasa, fiye da 150 suka ƙone? Ga shi wani yana zuƙar mai a duhu da ashana a aljihu, a ƙofar gidan da yara ke barci. Rana dubu ta ɓarawo, in 'yan sintiri suka riƙa ku kun san sauran.

Iyaye su sa ido, masu unguwa su tashi tsaye, a ji tsoron Allah.

Wallahi da muna yara, mahaifinmu kan bar Vespa a ƙofar gida da makulli a jiki har gari ya waye, iyaka dai raɓa ta jiƙa sirdin. Yaro ya shigo da abin da ba nasa ba, kafin uwarsa ta ji, dattijon layi ya riga ya murɗe masa kunne. Yanzu maƙwabcin nan nawa cewa yake daga yau zai riƙa juye man a jarka kowane dare, ya kwana da shi a ɗakin da 'ya'yansa huɗu ke kwance.