Bayan aji shida, ina 'yar ƙauye za ta nufa?

Duk wanda ya taɓa koyarwa a firamaren ƙauye ya san yadda rajista ke ramewa. A aji ɗaya 'yan mata sun cika benci, wasu har a ƙasa. Kafin a kai aji shida sai ka ƙirga su da yatsu. In ka tambayi ina wance, a ce maka an sa mata rana.

Ba doka muka rasa ba. A Najeriya, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce ba aure sai an cika shekara 18, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce karatun shekara tara kyauta ne, kuma dole ne. Dukansu suna nan a takarda. A maƙwabciya Nijar kuwa, wani binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18.

Mun daɗe muna tsine wa iyaye a taruka, amma ba mu amsa tambayar da uba talaka ke yi ba: "In ban aurar da ita ba, zaman me za ta yi mini?" Ta gama firamare. Ƙaramar sakandare tana can garin hakimi, ba kuɗin acaɓa kullum. Makarantar kwana kuwa, bayan sace ɗalibai mata a Chibok a 2014, Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, wa zai ga laifin uwar da ta ce 'yarta ba za ta kwana a waje ba? Kyautar ma da ake faɗa, akwai yunifom, akwai littattafai, akwai kuɗin jarrabawa. A gefe guda uwa na lissafin kayan ɗaki: gado, katifa, kwanuka, ga gara. Yarinyar ce ke ɗaukar farantin talla don a tara su. Wato tun ba a ɗaura auren ba, ya riga ya cinye mata safiyar makaranta.

Wannan uzuri bai rage wa yarinyar wahala ko kaɗan ba. 'Yar shekara 14 da ciki, ƙugu bai ƙosa ba, asibiti da nisa, naƙuda ta yi tsawo. Wanda ke ganin ana zuzuta maganar yoyon fitsari, ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina. Alkawarin da ango kan yi, cewa zai bar ta ta ci gaba da karatu, da wuya ya wuce cikin fari. In auren ya mutu, ta dawo gidan uban da goyo, ba takardar shaida, ba sana'a. Bakin da aka so ragewa ya zama biyu.

Masu fakewa da addini su tuna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, tana matar aure, ta riƙa tura jajis, wato malamai mata masu yawo, ƙauyuka suna karantar da mata.

Abin da nake nema ba shi da wuyar faɗa. A kawo ƙaramar sakandare inda yarinya za ta je da ƙafa ta dawo kafin la'asar, a zuba malamai mata. Inda nisa ya yi yawa, a yi makwancin 'yan mata mai tsaro, irin wanda gwamnatin Bazoum ta Nijar ta buɗe a Kelle ta jihar Damagaram a 2021. A buɗe ajin yamma na matan aure da zawarawa, a bar su su shigo da goyonsu. Liman kuma, kafin ya shafa fatiha, ya tambayi waliyyi a gaban shaidu shekarun amarya nawa, kuma aji nawa ta tsaya.