Ƙuri'ar Dearborn da Starr: jam'iyyar Democrat ta ɗauka gadon gidanta ce

Ana saura kwana huɗu zaɓen 5 ga Nuwamba 2024, Donald Trump ya shiga wani gidan shan gahawa a birnin Dearborn na jihar Michigan, ya gaisa da 'yan kasuwa Larabawa, aka ɗauki hotuna, ya yi alkawarin zaman lafiya a Gabas ta Tsakiya, ya kama gabansa. Mutumin nan fa shi ne wanda, mako ɗaya da hawansa mulki a 2017, ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashen Musulmi bakwai shiga Amurka, cikinsu har da Yaman da Iraƙi, inda dubban mutanen Dearborn suke da iyaye da 'yan uwa. Ita kuwa Kamala Harris, 'yar takarar Democrat, har aka gama yaƙin neman zaɓe ba ta taka garin ba.

Da aka ƙirga, Trump ya samu wajen kashi 42, Harris kashi 36, Jill Stein ta jam'iyyar Green kashi 18. Shekara huɗu kafin nan, Joe Biden ya kwashe kusan kashi 70 a wannan gari da fiye da rabin mutanensa 'yan asalin ƙasashen Larabawa ne.

Tun daga ranar ake ta cewa Musulmin Amurka sun sauya sheƙa zuwa Republican. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana jikin takardar ƙuri'ar kanta. Mutanen da suka juya wa Harris baya, a takarda guda, sun dangwala wa Rashida Tlaib, 'yar Democrat kuma 'yar asalin Falasɗinu, ta koma majalisar wakilai da rata mai yawa. Abin da 'yan siyasarmu ke kira wake da shinkafa ke nan, kishiyar sak. Haka aka yi a faɗin Michigan: Trump ya ci jihar da ƙuri'a kusan dubu 80, amma Elissa Slotkin ta Democrat ta ɗauki kujerar sanata. A Arizona da Nevada da Wisconsin ma Trump ya ci, 'yan takarar sanata na Democrat suka ci. Wanda ya bar jam'iyya da gaske ba ya tsayawa yana tsintar wasu 'yan takararta. Wannan aikin mai fushi ne da ya san wanda yake fushi da shi.

Kuma ba shiru suka yi suka kai sara ba. A zaɓen fidda gwani na 27 ga Fabrairu 2024, mutum fiye da dubu 100 a Michigan sun je rumfa sun zaɓi gurbin da ke nufin ba su tare da kowa, don Biden ya ji cewa makaman Amurka da ke sauka a Gaza suna da farashi a gida. A babban taron jam'iyya a Chicago cikin Agusta, wakilansu sun roƙi a ba Bafalasɗine ɗan Amurka ko da 'yan mintuna ne a kan mumbari, aka hana, har suka kwana zaune a wajen zauren taron. A Satumba Isra'ila ta buɗe wuta kan kudancin Lebanon, yankin da iyalai da yawa na Dearborn suka fito, musamman garin Bint Jbeil. Ana cikin wannan zaman makoki sai ga Harris a Michigan tana yawon neman ƙuri'a da Liz Cheney, ɗiyar tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, wanda duk ɗan Iraƙi ya san rawar da ya taka a mamayar 2003. Ban san wanda ya ba da wannan shawara ba, amma da wuya in ya taɓa shan shayi a Dearborn.

Lissafin jam'iyyar a bayyane yake: ina za su je? Wajen mai dokar hana Musulmi shiga? An manta cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutanen Dearborn ba su taɓa sa ran alheri daga Trump ba, don haka ba shi da abin da zai ba su kunya da shi. Wanda suka yi wa layi a cikin sanyi a 2020, shi suka riƙe a zuci.

Sai dai Gaza kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ya faru ba. A can kudancin Texas, a bakin kogin Rio Grande, akwai gundumar Starr, inda kusan kowa ɗan asalin Mexico ne. Rabon da ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican ya ci Starr tun 1892. Hillary Clinton ta samu kashi 79 a can a 2016. A 2020 ratar Biden ta tsuke zuwa maki biyar, alamar da ya kamata ta hana wani barci. A 2024 Trump ya cinye gundumar. Masu tsara dabarun Democrat sun yi shekaru suna ɗauka cewa duk mai jin Sifaniyanci damuwarsa ɗaya ce, wato shige da fice. Alhali mutumin Starr sau da yawa kakanninsa suna wurin tun kafin iyakar ta ratsa ta kansu a 1848. Ɗansa yana aikin rijiyar mai, ƙaninsa yana cikin dakarun tsaron iyaka, ranar Lahadi yana coci, kuma ya ga hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, abin da Amurka ta yi shekara 40 ba ta gani ba. An zo masa da wa'azin kare dimokuraɗiyya, shi kuwa kuɗin ƙwai da man mota yake lissafi. Duk da haka, mazabar da Starr ke ciki ta mayar da Henry Cuellar na Democrat majalisa.

Wanda ya san tarihin siyasar Amurka ba zai yi mamaki ba. Baƙaƙen fata 'yan jam'iyyar Lincoln ne, wato Republican, har zuwa zamanin Roosevelt a shekarun 1930, sannan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ƙarasa juya su. Su kansu Musulmi da yawa George W. Bush suka zaɓa a 2000, bayan ya soki yadda ake tsare Larabawa bisa hujjojin sirri. Abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba da yaƙin Iraƙi ne ya kora su wajen Democrat. Ke nan zaman da aka ɗauka na gado ne bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

Masu sukar Dearborn suna da abin faɗa, kuma ba zan ɓoye shi ba. A Fabrairun 2025, Trump ya tsaya kusa da Netanyahu ya ce Amurka za ta karɓi Gaza a kwashe mutanenta, har ƙungiyar Larabawan da ta yi masa yaƙin zaɓe ta cire sunansa daga sunanta. A Yuni ya dawo da dokar hana shiga, wannan karon ƙasashe 12, da Yaman a ciki, ƙasar da aka haifi Amer Ghalib, magajin garin Hamtramck a Michigan na lokacin, wanda ya fito fili ya mara masa baya. Chadi da Sudan ma suna cikin jerin. Magoya bayansa za su nuna tsagaita wutar Gaza ta Oktoban 2025 su ce ga ribar, amma bayan asarar rayuka nawa? Ƙuri'ar fushi tana hukunta wanda aka nufa, ba ta ɗaure wanda ya amfana da komai, domin bai saye ta da wani alkawari rubutacce ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora musu alhakin faɗuwar Harris. Trump ya samu ƙuri'un wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa 312, ita 226. Ko da an ɗauke 15 na Michigan an ba ta, yana da 297, ya haye 270 da ake buƙata. Gari mai mutum dubu ɗari da 'yan kai bai kayar da kowa ba. Ya dai nuna ɓarakar da ta riga ta ratsa Miami-Dade a Florida, da Bronx a New York, da ƙauyukan iyakar Texas.

Tambayar da ta rage ita ce ko aron zai zama mallaka. Yana faruwa. West Virginia ta ma'aikatan haƙar kwal gidan Democrat ce har zuwa 1996. Ta ba Bush a 2000 kamar da wasa, a 2024 Trump ya samu kusan kashi 70 a can, saboda jam'iyyar ba ta koma biko ba. Alamun farko dai suna nuna kayan aro ba ya rufe katara. Gundumar Passaic a New Jersey, inda birnin Paterson yake da unguwannin Larabawa da na 'yan Latin, ta ba Trump a 2024. A zaɓen gwamna na Nuwamban 2025, shekara ɗaya kacal, ta koma hannun Mikie Sherrill ta Democrat, wadda ta gina yaƙinta a kan kuɗin wutar lantarki da tsadar rayuwa.