Ledar cefane da magudanan ruwan Kano

Na karanta wani rahoto kan yadda leda ke toshe magudanan ruwa a Kano da damina, amma ina ganin an ɗora wa hukuma laifin gaba ɗaya, alhali mu ne muke karɓar leda uku a wurin mai kayan miya, ɗaya ta tumatir, ɗaya ta attaruhu, sannan a zuba su duka cikin ta ukun. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, sai dai ni ban tsaya jiran doka ba. Tun bara nake zuwa kasuwar 'Yankaba da kwandon kaba irin na kakata, kuma ko da yake wasu na yi mini kallon baƙauye, ledar da ke shiga gidana ta ragu ƙwarai. Wadda ta fi damuna ita ce ta fiya wata, domin ba ta ruɓewa cikin ƙasa, awaki kuma suna haɗiye ta. Da idona na ga mahauci ya ciro dunƙulenta, baƙi ƙirin, daga tumbin akuyar da aka yanka a unguwarmu.